Biron hafsa da wayar hannunsa

Mu mutanen Zariya mun saba da soja. Makarantar horar da kurata tana nan tun 1924, sakandaren soja ta yara tun 1954, ga kuma makarantar 'yan sandan soja a Basawa. In ka ɗauki hanyar Kaduna za ka ratsa Jaji, inda kwalejin horar da hafsoshi take tun 1976, kafin ka isa NDA, makarantar yaye sabbin hafsoshi da aka buɗe a 1964. Duk da haka, tambayi mai shayi a Sabon Gari abin da ake koya wa hafsa, zai ce maka fareti da gudu da harbi. Ni da na ƙare aikin soja ina akawu a ofishin bataliya, na san hafsa ya fi daɗewa riƙe da biro a kan bindiga.

Kafin soja ya ɗaga ƙafa, sai wani ya zauna ya rubuta oda. Odar fita aiki kashi biyar ce, kuma ba a sauya jerinta: halin da ake ciki, aikin da aka ba mu, yadda za a aiwatar, sai batun abinci da harsashi da ɗaukar masu rauni, sannan wa ke shugabanci da yadda za a yi sadarwa. Aikin kansa jimla ɗaya ce tak, kuma in ana bayar da oda da baki sai an faɗe ta sau biyu. Dalili shi ne mai sauraro ya gaji, wataƙila bai runtsa ba, ga tsoro. Saje da kofur ba su da lokacin lalubo nufin oga a cikin doguwar magana. Lokaci ma ba a cewa ƙarfe shida, sai dai 0600 ko 1800. Wuri kuwa da lambobin taswira ake nuna shi. Lambobi shida suna kai ka cikin fili mai faɗin mita 100, in ka kuskure guda ɗaya kana iya tura mutane can wani ƙauye.

Na ga irin wannan da idona a wata runduna da na zauna. Wani matashin laftanar ya rubuta a kai abinci da ruwa "bakin gada". Gadoji biyu ne a hanyar. Direba ya tsaya a ta farko yana jira, sojoji kuma suna a ta biyu cikin zafin bazara har la'asar sakaliya. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma har yau ina tuna leɓɓansu da suka dawo. Laftanar ɗin jarumi ne, kowa ya shaida, sai dai shi ya san gadar da yake nufi, bai tsaya ya tuna cewa direba ba ya cikin kansa ba.

Shi ya sa ban taɓa ganin laifin malaman da ke cika takardar ɗalibi da jan biro ba. Kyaftin ko manjo ya dawo daga kwas yana ƙorafin an rage masa maki saboda waƙafi da lambar sakin layi. Ni kuwa na lura, waɗanda suka sha jan biron nan su ne sigina ɗinsu, wato saƙon da suke aikawa, ba ta dawowa da tambaya.

Yanzu zamani ya kawo intanet, kuma na yi murna da ita. A da, littafi guda a laburare sai an yi masa layi. Yau ƙaramin hafsa yana daji zai karanta darasi a wayarsa, ya duba hoton tauraron ɗan'adam, ya aika wa malaminsa aiki.

Abin da ke damuna shi ne manhajojin nan masu rubuta wa mutum komai, irin su ChatGPT. Ɗan ƙanena da ke neman zama hafsa ya nuna mini wata maƙala a kan shugabanci, Turanci sumul, ba tuntuɓe. Na ce, "Rufe wayar, ka faɗa mini da Hausa abin da ka rubuta." Ya yi jim, ya ce, "Baffa, ai duk yana ciki." Na ce masa a ciki yake, amma ba a cikinka ba. Wahalar da mutum ke sha wajen tsara jimla, ya goge, ya sake, a nan ne yake gano cewa shirinsa yana da rami: ya manta motar ɗaukar masu rauni, ko bai faɗi wanda zai karɓi shugabanci ba in kwamanda ya faɗi. In na'ura ta ɗauke masa wahalar, ramin yana nan, an dai lulluɓe shi da kyakkyawan Turanci. Kuma ranar da za a buƙaci odar, ba lalle a sami sabis ko caji ba.

Ga kuma batun sirri. A farkon 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa fasalin sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda kawai sojoji suna gudu na'urarsu tana aiki. To ina ga mai zuba jadawalin tafiya a zauren WhatsApp, ko mai liƙa takardar ofis a manhajar da bai san inda take adana bayanai ba?

Da za a ji ta bakina, a bar ɗalibai su yi bincike da intanet iyakar iyawarsu, a koya musu ma yadda za su kama na'urar in ta yi ƙarya. Amma jarrabawar rubuta oda a yi ta da biro da takarda, agogo yana tafiya. In sun gama, a miƙa takardar ga wani samanja da bai ji komai a kan shirin ba, a ce ya faɗi abin da ya fahimta. Makin ya fito daga amsarsa.