Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mini lokacin da muƙamuƙina ya kulle

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Jiya likita ta sa ma'auni tsakanin haƙorana na sama da na ƙasa, ta ce in buɗe baki iya ƙarfina, ta karanta milimita 41. Wata 7 da suka wuce, ranar da aka fara auna ni, milimita 23 ne kacal, yatsu biyu ma da ƙyar suke shiga. Ta ce daga yanzu sai dai in riƙa leƙowa jefi-jefi. Tun a hanyar komawa gida nake lissafa mutanen da suka yi ɗawainiya da ni, na ga ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuto wannan.

Da yawanku kun san ba ni da lafiya, amma ba ku san mene ne ba, saboda a lokacin doguwar magana azaba ce a gare ni. Abin ya faro ne shekaru da dama baya da wata 'yar ƙara a gaban kunnena na dama. In na yi hamma ko na tauna abu mai tauri sai in ji ƙas, in na rufe baki in sake jin wata ƙaramar ƙarar. Ba zafi, ba kumburi, don haka ban taɓa kai kukana ko'ina ba. Daga baya ciwon kai ya fara tashina da asuba, gefen fuskata ya yi tsami kamar na kwana ina tauna. Sai ciwon kunne ya biyo baya. Na je wani asibiti sau biyu ana ba ni maganin ɗigawa a kunne, a wani wurin kuma har an sa ranar cire mini haƙorin can ƙurya, wai shi ne tushen matsalar. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma na gode wa Allah da ban koma ba, domin haƙorin nan lafiyarsa ƙalau.

Wata safiya na tashi na ji ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Na ɗauka sauƙi ne ya samu, har na faɗa wa maigidana. Da na zo wanke baki sai bakin ya ƙi buɗuwa. Yana kaiwa wani wuri sai ya tsaya cak, haɓata ta karkata dama, zafi ya soke ni har cikin kunne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ranar na san haka.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, wanda ya leƙa kunnen ya ce bai ga komai ba, amma bai sallame ni a kan haka ba. Ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana biyu, ya ce in buɗe in rufe, nan take ya ce ciwon a gaɓar muƙamuƙi yake. Ya gaya mini cewa wannan ruɗani tsoho ne, tun a 1934 wani likitan kunne a Amurka mai suna James Costen ya yi rubutu a kan masu zuwa da kukan kunne alhali matsalar a muƙamuƙi take. Gaɓar da kunnen maƙwabtan juna ne, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga wurin kuma sun haɗa hanya. Likita, Allah Ya ƙara basira. Minti goma da ka ba ni sun raba ni da yawon watanni.

Ita kuwa likitar haƙori da muƙamuƙi da ya tura ni wurinta, ban san da wane baki zan gode mata ba. Ta ɗauko takarda ta zana mini gaɓar. Kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa yana zaune ne a wani ɗan gurbi a jikin ƙoƙon kai, a tsakaninsu akwai wani ɗan faifai mai kama da guringuntsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Gaɓar tana juyawa, sannan ta zame gaba idan za a buɗe baki sosai, faifan kuma yana tafiya tare da kan ƙashin. Nawa ya goce ya yi gaba. Ƙarar da na yi shekaru ina ji, kan ƙashin ne yake hayewa faifan duk lokacin da na buɗe baki, ya sake sauka in na rufe. Ranar da ƙarar ta ɗauke, faifan ne ya daina komawa mazauninsa, ya tsaya a gaba ya tare hanya. Hoton MRI ya tabbatar da maganarta, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifan. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba ta yi gaggawar maganar tiyata ba. Ta ce akasarin masu wannan lalura suna samun sauƙi ba tare da an yanka su ba, kuma tiyata ita ce matakin ƙarshe.

Maigida, Allah Ya saka maka da Aljanna. Kai ne ka gaya wa likita cewa ka daɗe kana jin ina nika haƙora cikin barci, abin da ni ban taɓa sani ba. Wannan kalma taka ce ta sa aka auna bakina aka yi mini robar da nake sawa da dare. Kai ne mai dafa ruwa ka jiƙa tawul in gasa wurin safe da yamma, kai ne mai tuna mini lokacin magani, kuma ba ka taɓa nuna gajiya da shiruna ba.

Umma, kin bar ɗakinki kin tare a wurina makonni, kina sarrafa mini abinci mai laushi kala-kala don kada in rame, kina yanka komai ƙanana. Na ga hawayen da kike ɓoyewa. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata miki. Yaya da ƙannena da suka yi ta jigilar kai ni asibiti, Allah Ya bar zumunci.

Akwai baiwar Allah a sashen gashin ƙashi da ta koya mini abin da har yau nake mamakin rashin saninsa. Ta tambaye ni: "Yanzu da kike zaune, haƙoranki a haɗe suke ko a rabe?" Na ce a haɗe mana. Ta ce to a nan gizo ke saƙa. Haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa sai wajen tauna da haɗiya. Sauran lokaci leɓɓa ne a rufe, haƙora a rabe, harshe yana kwance a bayan haƙoran sama. Ni kuwa ina cije su ina aiki, ina cije su in raina ya ɓaci, ina cije su ina tunani. Ta hana ni cingam da cizon biro da tagumi, ta koya mini tallafe haɓa in hamma ta zo, ta ba ni motsa gaɓar da nake yi a gaban madubi kullum. Bayan wata 3 bakin ya kai milimita 30, amma zafin bai saki ba, sai aka wanke gaɓar: allura biyu ake sawa a ciki, ruwa ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗayar, ya tafi da abubuwan da ke hura kumburi. Daga nan sauƙi ya riƙa zuwa a hankali. Likita ta faɗa mini gaskiya cewa mai yiwuwa faifan ba zai koma daidai yadda yake a da ba, amma gaɓar ta saba, kuma tana aikinta.

Abokan aikina malamai da kuka raba darussana a tsakaninku ba tare da na roƙa ba, da shugabarmu da ta ce in je in nemi lafiya tukuna, na gode. Ɗalibaina da kuka riƙa yin tsit don ku ji muryata da ba ta fita sosai, Allah Ya yi muku albarka.

Tun da labarin ya fara fita, mata da yawa sun tambaye ni a kan tasu ƙarar, kuma na ji daga bakin likita cewa lalurar ta fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. Abin da aka gaya mini shi nake maimaita musu: ƙara kaɗai, ba zafi, ba maƙalewa, yawanci ba ta buƙatar magani. Amma in ta zo da ciwo a gaban kunne, ko ciwon kai da sassafe, ko baki ya fara sarƙewa, a je wa likitan haƙori, kuma kada a bari wani ya ja muƙamuƙin da ƙarfi da sunan gyara.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka zo dubiya na kasa yi musu hira, da waɗanda na kasa halartar hidimarsu, ku yafe ni, ba wulaƙanci ba ne. Saƙonninku duk na karanta, addu'o'inku sun iso. Ita kuma 'yar autata da ta yi wata 7 tana jira, daren jiya na karanta mata labarinta tun daga farko har ƙarshe, ban tsaya ko sau ɗaya don in huta ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya saka wa kowa da mafificin alheri. Amin.