Awon Fanko

Wata uku da fara karatuna na kimiyyar hoton asibiti na tafka kuskuren da har yau ake tsokanata da shi. A lokacin kullum da asuba nake hawa turoturo daga Nima zuwa Kwabenya a Accra, unguwar da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana, wadda aka kafa a 1963, take.

Na'urar da aka fara ba ni dunƙulen kiristal ne na sodiyam ayodaid, a rufe ruf cikin gwangwanin alminiyam, domin yana jan laima kamar gishiri da damina. Idan hasken gama, wato hasken nukiliya da ido ba ya gani, ya buge shi sai ya yi ɗan ƙyalli, bututun da ke bayansa ya mai da ƙyallin lantarki, kwamfuta ta jera kowane bugu gwargwadon ƙarfinsa. Na ɗora kwalbar ruwan rijiya a kai, na bar ta awa shida. Da na dawo sai ga tsini ya miƙe a zanen da kwamfuta ta fitar, a kan 1460 keV (keV ma'aunin ƙarfin hasken gama ne). Jiki na rawa na fara rubuta rahoto, ni a dole na gano guba a ruwan mutane.

Wani dattijo mai kula da kayan aiki, mutumin Zangon Kumasi, ya leƙo ta kafaɗata.

"Ɗana, ka auna fanko?"

"Wane fanko, Baba?"

"Mahaucin kasuwar Nima ma sai ya duba sikelinsa ba komai a kai kafin ya ɗora nama. Sauke kwalbar, ka bar na'ura ta kwana tana ƙirga."

Washegari tsinin yana nan daram, ba kwalba ba ruwa. Ashe fotasiyam-40 ne, sinadari mai fitar da hasken gama wanda ke cikin simintin bango, da ƙasar da muke takawa, har da jikina. Ban ce uffan ba, shi ma bai ƙara ba. Ya dai miƙo mini ƙwayar siziyam-137 ta gwada saitin na'ura, ya ce kowace safiya in tabbatar tsininta na kan 662, domin zafin ɗaki kaɗai kan gusar da shi. In wuta ta ɗauke ta dawo kuwa, a sake daga farko. Ya gundure ni matuƙa, gaskiya.

Mu ɗalibai hankalinmu na can CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, inda a lokacin wata babbar na'urar bincike mai suna CMS ke ɗauke da kiristal sama da 75,000. Shi Baba nasa na kan majinyaci. Irin wannan kiristal ɗin namu ne a cikin kyamarar gama ta asibiti, wadda ke farautar 140 keV na teknishiyam, maganin ɗaukar hoto da aka yi wa mutum allurarsa. Rabin ƙarfin maganin na tafiya cikin awa 6. Idan saiti ya goce hoto ya ɓaci, wataƙila sai an sake yi wa mutum allura, ga kuɗin mota daga Tamale ko Bawku.

Yanzu ni ke karɓar sababbin ɗalibai. Makon jiya wata ta shigo da gudu, wai ta ga tsini a 1460.