Darasin da ambulan ɗin hoto suka koya min

Yanzu da na miƙa makullin ofishin da muke adana tsofaffin hotunan tsaunuka da mutanensu, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Ogan namu lissafi ɗaya ya sani: hotuna nawa suka shiga kwamfuta a wata, don rahoton masu ba da tallafi ya yi kyau. Sai ya ce a riƙa ɗaukar gaban hoto kawai a bar bayansa, ambulan ɗin da nagatif ke zuwa a ciki kuma a zubar, wai sun cika mana wuri. Alhali a jikinsu ne mai hoton ya rubuta da fensir sunan ƙauye da shekara, wani lokacin har da sunan matar da ke saƙa ko ɗan dakon da ya hau da kayansa. Na yi magana a taro, aka ce jan ƙafa nake yi. Ranar da wani mai bincike ya zo yana tambayar wane kwari ne a cikin wasu hotuna aka rasa amsa, ni aka kira aka wanke tas a gabansa.

Wanda bai yi aikin ba zai ce tsauni ai tsauni ne. Hotunan da Vittorio Sella, wani mai hoto ɗan Italiya, ya ɗauka a tsaunukan Ruwenzori na Afirka a 1906 da na Karakoram na Asiya a 1909, masu bincike sukan koma inda ya tsaya su sake ɗauka, su ga iya inda ƙanƙara ta ja da baya, saboda an san wurin, an san shekarar. Ƙauyen Langtang na Nefal kuwa, da girgizar ƙasa ta Afrilun 2015 ta zaftaro ƙanƙara da duwatsu suka binne shi, tsofaffin hotuna ne suka rage shaidar yadda gidajensa suke. In babu rubutu a jikinsu, wa zai gane su?

Sauran darussan ba su da tsawo. Asalin hoto a ajiye shi a TIFF, wato nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, nau'in JPEG kuwa na intanet ne. Kwafi uku, ɗaya a wani gini daban, kuma a riƙa buɗe su ana dubawa, don faifan ajiya ba ya sallama kafin ya mutu. Hoton ibada ko jana'iza, a tambayi mutanen wurin kafin a sa shi a intanet.

Ambulan ɗin da na cimma kafin a kwashe, na ɗauke su da wayata, kowanne da lambar hotonsa. Suna hannun wanda zai gaje ni. Ban sa su a rahoto ba, tunda a wurin oga wannan ba aiki ba ne.