Hanyar wasiƙu a hamadar Arizona

Wanda ya zo Amurka sabo, akwatin wasiƙa ne ke riƙe da rayuwarsa. Katin izinin aiki ta nan zai zo, lasisin tuƙi ta nan, takardar asibiti, ta kuɗin wuta, har ranar da ofishin shige da fice zai gan ka. A watannina na farko a Tucson, in na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba sai na leƙa akwatin nan, gabana na faɗuwa.

Wani dattijo da muke aiki tare, haifaffen jihar, ya lura ranar hutu ba na wuce masallaci da kanti. Ya ce in shirya zai nuna mini hanyar da wasiƙu ke bi kafin jirgin ƙasa ya iso Tucson a 1880. Muka nufi gabas a kan babbar hanyar I-10, tafiyar wajen awa biyu, daga ƙarshe muka sauka kan burji zuwa mashigar duwatsun Apache Pass.

A hanya ya ba ni labarin John Butterfield, wanda gwamnati ta bai wa kwangilar dala 600,000 a shekara ya riƙa kai wasiƙu daga St. Louis da Memphis zuwa San Francisco, sau biyu a mako, cikin kwana 25. Nisan ya kai mil 2,800. An fara a Satumban 1858. Karusa ba ta kwana, dare da rana tafiya take, sai dai a kowane zango a sauya dawaki ko alfadarai. Shekara uku ma ba ta cika ba yaƙin basasa ya taso a 1861, aka mayar da hanyar arewa.

Daga inda ake ajiye mota sai ƙafa, kusan kilomita biyu da rabi. Zangon Butterfield babu abin da ya rage sai duwatsun harsashi. Gaba kaɗan akwai maƙabarta, a ciki har da kabarin Little Robe, ƙaramin ɗan Geronimo, jagoran mayaƙan Apache, 'yan asalin yankin. Sannan aka zo ga maɓuɓɓugar ruwa, 'yar ƙarama a ƙarƙashin itatuwa, wadda saboda ita hanyar ta biyo nan. Wanda ya tashi a inda ake auna tafiya da rijiya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ruwan nan na mutanen Chiricahua Apache ne tun kafin a san za a kafa zango.

A Fabrairun 1861 wani matashin hafsa, George Bascom, ya tsare shugaban Chiricahua, Cochise, da 'yan uwansa kusa da zangon bisa zargin sace wani yaro, alhali wata ƙungiyar Apache ce daban ta ɗauke shi. Cochise ya keta tanti da wuƙa ya tsere. Shi ma ya kama wasu mutane ya yi garkuwa da su, aka kashe su, sojoji suka rataye wasu daga cikin 'yan uwansa, yaƙi ya ci gaba har 1872. A 1862 aka gina barikin Fort Bowie don tsare ruwan. Bayan Geronimo ya miƙa wuya a 1886, aka loda mutanensa a jirgin ƙasa zuwa Florida a matsayin fursunonin yaƙi, ba a sake su ba sai 1913. Wannan ɓangaren ya fi komai tsaya mini a rai. Ni da na zo neman wurin zama a ƙasar nan, ban ga ya dace in zauna ban san waɗanda aka tasa ba.

Bangayen barikin na tubalin ƙasa ne, sun zaizaye kamar kufan gida a garinmu. Na daɗe a tsakaninsu har dattijon ya ce rana na yi.

Yanzu ina da motata, kuma duk ɗan uwan da ya sauka sabo nakan kai shi can tsakanin Nuwamba da Maris, da ruwa isasshe, don zafin bazarar nan kisa yake yi. Saura in ga Dragoon Springs, wani zangon na Butterfield, inda katangar dutse ke tsaye har yau. Hanyar tana son mota mai tsayi, wani ɗan Tahoua mai a-kori-kura ya yi alkawarin kai mu in sanyi ya shigo.