Ruwan da ke ƙarƙashin tudun Mathildenhöhe

Wata na bakwai kenan a Darmstadt, nan Jamus, amma wallahi daga aiki sai ajin koyon Jamusanci sai ɗaki, ban san garin ba sam. Malamarmu ce ta gaji da mu tace ranar Asabar kowa ya fito, za ta kai mu Mathildenhöhe.

Wajen tudu ne a gabashin gari. A 1899 sarkin Hessen na lokacin, Ernst Ludwig, ya gayyato masu zane da magina su bakwai ya ba su fili, su zauna su gina gidajensu yadda ransu ke so, har kujeru da cokulan ciki su suka tsara abinsu. Akwai hasumiyar aure da Olbrich, ɗaya daga cikinsu, ya zana aka gama a 1908, samanta kamar yatsu biyar na hannu, kuma har yau ana ɗaura aure a ciki. Gefe ga cocin Rashawa mai ƙubba ruwan zinare. UNESCO ta sa wajen cikin kayan tarihin duniya a 2021.

Duk sun yi kyau ba ƙarya, amma ni abinda ya tsaya min a rai yana ƙasa ne. Ashe katon zauren baje kolin da ke wajen a kan ma'ajiyar ruwa aka ɗora shi, wadda aka gama tun 1880, kafin ma masu zanen su zo. Da muka sauka sanyi ya buge ni, ga duhu, ga ginshiƙai na jan bulo sun yi layi suna riƙe da rufi mai baka, in kayi tari sai muryarka ta zaga ta dawo maka. Mai yi mana bayani yace a kan tudu aka yi ta don ruwan ya gangara gidajen mutane da kansa.

Nan take Goron Dutse ya faɗo min, muma ai dabarar kenan a Kano, tanki a saman dutse. Sai na tuna Umma tana leƙe a ƙofar gida da sassafe tana jiran ɗan garuwa, ni kuma ga ni nan kullum ina murɗa famfo ko tunanin daga ina yake zuwa ban taɓa yi ba. Shiru nayi har wani ɗan Siriya da muke aji ɗaya ya dafa ni yace lafiya? Nace masa gida na tuna, yace shima haka. Tare muka hau bas muka dawo, yanzu ma Juma'a tare muke zuwa masallaci.