Ƙwayar barci da lissafin asuba

Kafin lokotoro ya rubuta mini ordonans ta zolpidem, maganin barci wanda farmasi ke sayarwa da sunan Stilnox, sai da ya tsare ni da tambayoyi: ina minshari mai ƙarfi? Ina shan tramol ko maganin tari mai kodeyin? Haɗa su da maganin barci na iya danne numfashi, in ji shi. Ya kuma tambayi ƙarfe nawa nake hawa moto zuwa kasuwa.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi tasiri a kaina. Maganin na buƙatar barcin awa 7 zuwa 8, kuma ba a tuƙi sai an cika awa 8 da shan sa. Mu kuwa a Tawa asuba ba ta jiran kowa. Sai na mai da shi bayan lisha, wajen ƙarfe 9, ina zaune bakin katifa da moɗar ruwa a hannu, waya a kashe. Hirar fada da kofi na uku na shayi, na yafe su. Daren da baƙi suka riƙe ni har sha biyu, ban sha ba, gara in kwana ina juyi da in hau moto kai na yawo. Haka in na farka tsakar dare saboda an ɗauke wuta, ba na ƙarawa.

Lokotoro ya kuma ce in sanar da maiɗakina. Wasu kan tashi su yi tafiya ko su ci abinci cikin barci, gari ya waye ba su tuna komai ba. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haka. Duk wanda ya taɓa yi, dainawa zai yi ya koma wurin lokotoro.

Miligram 10 ne iyaka a dare, tsofaffi 5, kuma ba a wuce sati 4, har da lokacin ragewa. Da muka fara ragewa barcin ya ɗan gudu, amma an riga an faɗa mini hakan kan faru.

Abin da ya fi wuya shi ne ranar da gwaggona ta ce, "Ɗana, sam mini guda, na kwana biyu ban runtsa ba." Ta haura saba'in, kuma kullum sai ta fita kewaye da dare cikin duhu. In jiri ya kwashe ta, karayar ƙugu ce.

"Gwaggo, ki gafarce ni, wannan ba na rabo ba ne."

Na san in na bar ta, wurin masu tallan magani a tire za ta aika yaro. Washegari na ɗauke ta muka tafi asibiti.