TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Ranar da iskar Chamrousse ta gyara min zama

Salamu alaikum jama'a, ga ni na dawo. Makon jiya mun tsaya inda Abban yara ya shigo da rigunan sanyi niƙi-niƙi yana cewa ranar Asabar duk gidan za mu hau dutse mu yi eski, wato sululun nan da ake yi kan dusar ƙanƙara.

Daga Grenoble ta ƙasar Faransa inda muke zaune zuwa dutsen Chamrousse kamar kilomita 30 ne amma hanyar duk kwana ce, ana hawa ana murɗawa, muna wuce Uriage autana ya amayar da karin safensa kaf a jikina. Shi kuwa oga ko a jikinsa, sai ba ni tarihi yake, wai a nan aka yi tseren gangara na Olamfik a 1968, wai ɗan wasan eski na Faransa Jean-Claude Killy ya kwashe zinare uku. Na ce Abban yara ni ba zinare nake nema ba, in koma gida da ƙafafuna biyu ya ishe ni.

Ni fa 'yar Maraɗi ce, na ɗauka na san hunturu. Ashe jaurar garinmu wasan yara ce. Muna fitowa daga mota a Recoin, mita 1650 a sama, iska ta kwashe ni da mari, tana ɗebo garin ƙanƙara tana watsa mana a fuska kamar rairayi, hijabina ya cika fam kamar zai tashi da ni sai da na cusa shi cikin jaket. Ga takalman nan masu nauyin tsiya, mutum na tafiya kamar an ɗaure masa turmi a ƙafa.

Niyyar oga mu shiga keken igiya mu hau har Croix de Chamrousse, mita 2250. Muka tarar an rufe saboda iska, kekunan na rataye suna lilo. Shi ransa ya ɓaci, ni kuwa a zuciyata hamdala kawai nake.

Sai muka koma filin 'yan koyo mai koriyar alama. Babbar 'yata, shekararta 9, ta riga ta koya da 'yan lakwal ɗinsu, ita ce malamata. "Mama haɗa bakin eski ɗin, ki buɗe bayan, haka ake birki!" Na haɗa, na buɗe, iska ta turo ni ta baya sai gani na yi ina tafiya ba da izinina ba, ina salati da ƙarfi, sanduna biyu suna reto a hannu, har na je na zauna daɓas gaban wata tsohuwar Bafaransa. Matar ta kusa kai sa'ar kakata wallahi amma ita ta ɗaga ni, ta kakkaɓe min baya, ta zura abinta kamar kifi a ruwa.

Faɗuwa ta huɗu na ce na tuba. Na koma mota da auta, na buɗe fulas ɗin shayi mai citta da kilishin da Inna ta aiko, yatsuna sun ƙage ko kofin ba na iya riƙewa sosai. Azahar ma a kujerar mota na yi ta.

Wajen ƙarfe uku sai ga 'yata ita kaɗai tana buga gilashi, eski ɗaya a hannunta, ba nata ba. Na babanta ne.

Yadda muka kwaso shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.